Gargaɗi ga Matasa Masu Son Ƙirƙira: Hattara da Ilimin Taɓa-ka-lashe

Akwai wata cuta da ke yaɗuwa a cikin yaranmu, kuma abin takaicin shi ne ba ta kama dolo. Wanda Allah ya ba kaifin ƙwaƙwalwa da ƙwazo da hannu mai kyau, shi take nema. Matashi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya ƙudurta a ransa sai ya ƙera abin da ba a taɓa gani ba. Niyya ce mai kyau, muna ma neman irinta ido rufe. Amma leƙa ɗakinsa ka gani. A wannan lungu ga ɗan jirgi marar matuƙi da aka fara haɗawa aka watsar. Can ga tsagaggen allon sola. A ƙarƙashin gado injin ƙyanƙyasar ƙwai ne wanda bai taɓa fitar da ɗan tsako ko ɗaya ba. A wayarsa kuwa darasi na uku ne na koyon rubuta manhaja, nan ya tsaya tun azumin bara. In ka yi masa magana sai ya ce ai mai ƙirƙira dole ne ya san komai da komai, wanda ya tsaya a fanni ɗaya kifin rijiya ne. A unguwa kuma tuni an raɗa masa suna Injiniya, har mahaifiyarsa haka take kiransa.

Maganar tasa da ƙamshin gaskiya, kuma nan haɗarinta yake. Tabbas sabon abu yakan fito ne a mahaɗar fannoni, inda mutum ya ɗauko dabarar can ya warware matsalar nan. Sai dai an mai da wannan gaskiya mafaka. Ta zama hujjar gudun wahalar da ke cikin ƙwarewa: lissafin da ke sa ciwon kai, awon da ake maimaitawa har a gaji, shekarun zama a ƙarƙashin wani ana yi maka gyara kana haɗiye rai. Bidiyon minti takwas a YouTube ko na sakan sittin a TikTok yana ba mutum jin cewa ya iya. Yanzu ma ga manhajojin hira masu amsa kowace tambaya cikin ƙiftawar ido, da harshe mai daɗi, ko amsar daidai ce ko shirme. Wanda bai ƙware a komai ba kuwa ba shi da ma'aunin da zai rarrabe.

Mu ɗauki abin da ya fi yawa a yanzu, wato janareta marar mai. Tun da aka cire tallafin fetur a Nijeriya a 2023 kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabi, a kai a kai za ka ga an ɗauki wani matashi a bidiyo yana tsaye kusa da injinsa. Ƙirar kusan iri ɗaya ce. Firam ne na ƙarfe da aka yi wa walda aka fesa fenti, a ciki ga batir, ga moto, ga fambel, ga altaneta ta tsohuwar mota, ga inbata. Ya danna makunni, batir ya juya moto, moto ya juya altaneta, altaneta ta mayar da caji cikin batir, inbata ta kunna ƙwai biyu da fanka. Jama'a su yi kabbara. Shi kuma ya dubi kyamara ya ce haka zai yi ta yi har illa masha Allah, ba fetur, ba dizal, ba rana, abin da ya rage kawai gwamnati ta shigo ciki.

To, ɗauko biro. A ce batir ya ba moto wat 100. Moto mai kyau zai mayar da kamar 80 zuwa juyi, sauran sun tafi. Altanetar mota kuwa abin da take mayarwa wuta bai cika wuce kashi 60 cikin ɗari na juyin da aka ba ta ba. Ka ga ɗarin nan ta dawo 48, tun ba a cire abin da fambel ya ci ba, da abin da batir ke zubarwa wajen karɓar caji, kuma ba a kunna ƙwai ko ɗaya ba tukuna. Ina sauran suka tafi? Ɗora tafin hannunka a jikin moton bayan minti ashirin. Zafin da ya sa ka janye hannu, wutar batirinka ce ta tafi ba dawowa. Ƙarar da ke cika ɗakin ma ita ce. Abin da ke ruɗar 'yan kallo shi ne batirin na da ajiya. Mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da abin da zai riƙe ƙwai biyu da fanka sa'o'i da dama, saboda haka nunin minti goma bai tabbatar da komai ba. Da an haɗa fankar da batirin kai tsaye ta inbata, an jefar da moto da altaneta, da ta fi daɗewa tana juyawa.

Wannan ba ɓoyayyen ilimi ba ne. Yana cikin darasin fiziks na babbar sakandare: ƙarfi ba ya samuwa daga babu, kama kawai yake sauyawa, kuma kowane sauyi da asararsa. Cibiyar Kimiyya ta Faransa da ke Paris tun 1775 ta yanke shawarar daina duba duk wani injin da aka ce zai yi ta motsi da kansa har abada, don ta gaji da ɓata lokaci. Kimanin shekara 250 ke nan. Ƙanwar wannan magana ita ce mota mai tafiya da ruwa. Wani Ba'amurke, Stanley Meyer, ya yi suna da ita, har a 1996 wata kotu a jihar Ohio ta same shi da zamba ta umarce shi ya mayar wa masu zuba jari kuɗinsu. Ruwa shi ne abin da ke saura bayan iskar haidirojin ta riga ta ƙone. Kafin ka raba shi ka sake samun iskar, sai ka kashe ƙarfin da ya kai abin da za ta ba ka, a aikace ma ya fi.

Akwai 'yan damfara a cikin masu wannan sana'a, amma yawancinsu ba su ba ne. Sun yarda da abin har zuci. Sun san walda kaɗan, wayarin kaɗan, kanikanci kaɗan, kowanne daidai yadda za a haɗa abu ya yi kyau a ido, amma babu fannin da suka shiga har suka iske katangarsa. Yaro ya ƙone shekara biyu na ƙuruciyarsa da kuɗin gadon mahaifiyarsa a kan abin da malamin fiziks zai rushe masa kafin a tashi daga shayi.

Wannan asarar dukiya ce da lokaci. Akwai wadda ta fi ta. Ana sayo tsofaffin batiran kwamfuta a wajen 'yan gwangwan, a fasa, a ciro ƙwayoyin litiyom, a jera su a liƙa da dalma a naɗe da salatif, a ce an ƙera batirin sola mai araha. Ƙwayar litiyom irin wannan ba a cajinta ta wuce bolt 4.2. In ta wuce, ko ta huje, ko ta yi zafi da yawa, takan kama da wuta ta kunna ta kusa da ita, kuma wutar ba ta jin guga ɗaya na ruwa. Shi ya sa ake sa allon kariya mai lura da kowane layi yana yanke caji. Ƙwayoyin da aka tsinto kuma ba shekarunsu ɗaya ba, wata ta gaji wata da sauranta, sai mai rauni ta riƙa cika kafin 'yan uwanta. Wanda ya koyi haɗin a bidiyo ya ga yadda ake jerawa, bai ga dalilin da ya sa ake auna kowace ƙwaya ita kaɗai kafin a jera ba. Kuma a ina ake ajiye wannan abu? A ɗakin kwana, kusa da katifa, inda yara suke.

Kada a ɗauka cutar ta marasa takarda ce. A ranar 18 ga Yuni, 2023, wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Titan ya nutsa a tekun Atlantika zai kai masu yawon buɗe ido su ga ɓaraguzan Titanic, a zurfin kusan mita 3,800. Kujera ɗaya dala 250,000. Kafin ya isa ƙasa ruwa ya matse shi ya ruguje, mutum biyar ɗin da ke ciki suka mutu nan take, har da wani attajiri ɗan Pakistan da ɗansa mai shekara 19, da kuma shugaban kamfanin OceanGate da ya ƙera jirgin, Stockton Rush.

Rush ba jahili ba ne. Ya karanta injiniyancin jiragen sama a jami'ar Princeton, matuƙin jirgi ne, ya yi aikin gwajin jiragen yaƙi, yana da digiri na biyu a harkar kasuwanci. Faɗin ilimi dai ga shi nan. Da shi ya ɗauko wata dabara daga sama ya kai ta ƙarƙashin teku: ya gina gangar jirgin da zaren kabon, abin nan marar nauyi mai ƙarfi da ake yin jikin jiragen sama na zamani da shi, ya toshe bakinta biyu da ƙarfen titaniyom. Waɗanda suka tsufa a aikin zurfin teku kuwa da ƙwallon titaniyom ko na baƙin ƙarfe suke yin ɗakin da mutum zai zauna. Suna da dalili. Jirgin sama iskar cikinsa ce ke tura jikinsa waje, zaren yana miƙewa, kuma a nan ne ƙarfinsa yake. A ƙasan teku ruwa ne ke danno shi ciki ta kowace fuska, da nauyin da ya ninka na iskar doron ƙasa kusan sau 380. Kowace nutsawa tana iya barin 'yan ƙananan tsage a tsakanin shimfiɗun zaren, ido ba ya ganinsu, suna taruwa.

An gaya masa. A farkon 2018 shugaban sashen ayyukan teku na kamfanin, David Lochridge, ya rubuta rahoto yana neman a binciki gangar da kyau, sai aka kore shi. A shekarar dai ƙwararru fiye da talatin na wannan fage suka shirya masa wasiƙar jan kunne. Ya ƙi kai jirgin ga hukumomin da ke tantance jiragen ruwa, yana ganin ƙa'idojinsu na danne ƙirƙira. Gangar ta riƙa ƙara tana ɓas-ɓas a ƙarƙashin ruwa, aka ci gaba da sayar da tikiti. ('Yan jarida sun fi yayata cewa da abin wasan kwamfuta ake tuƙa jirgin. Ba shi ya kashe su ba.) Binciken da rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta fitar a 2025 ya ce haɗari ne da za a iya kauce masa. Mutum ne da ya san abubuwa da yawa, sanin ya sa shi raina waɗanda suka san abu guda har ƙarshensa.

Masu son fakewa da faɗin ilimi suna yawan kawo labarin Wilbur da Orville Wright: ai masu gyaran keke ne suka ƙera jirgin sama, ko jami'a ba su je ba. Haka ne. Amma a karanta labarin har ƙarshe. Wa da ƙanin nan na garin Dayton sun yi aikin ɗab'i, sun buɗe shagon keke a 1892, kuma keken ya koya musu abin da wasu suka kasa gani: na'ura tana iya zama marar tsayuwa da kanta, muddin mahayinta na da hanyar sarrafa ta. Kallon tsuntsaye ya ba su dabarar murɗa bakin fiffike don karkata. Wannan shi ne rabon faɗi a aikinsu. Daga 1899 kuwa, lokacin da Wilbur ya rubuta wa cibiyar Smithsonian yana neman duk abin da aka wallafa a kan tashi sama, sun shiga matsala ɗaya tak, ba su fito ba.

A 1901 jirginsu marar inji ya ba da kamar sulusin ɗagawar da lissafi ya nuna. Alƙaluman da suka dogara da su har da na Otto Lilienthal, Bajamushen da ya fi kowa ƙwarewa a lokacin, wanda ya faɗo ya mutu a 1896. Ɗan taɓa-ka-lashe a nan zai ce Turawa sun ɓoye sirri, ko ya koma wani aikin. Su sai suka koma shago suka haɗa akwatin katako mai tsawon ƙafa shida, suka sa fanka a bakinsa tana hura iska, suka yi ma'auni da tsofaffin ruwan zarto da wayoyin ƙafar keke. Suka yanka ƙananan fikafikai kusan 200, kowanne da irin lanƙwasarsa, suna sawa ɗaya bayan ɗaya, suna karkata shi, suna rubuta abin da ma'auni ya nuna. Makonni suna wannan aiki marar daɗin kallo. Babu wanda zai ɗauke shi a bidiyo. Da suka zo kan farfela suka tarar babu ingantaccen lissafinta a littattafan jiragen ruwa, suka yi watanni suna gardama har suka fitar da nasu, bisa fahimtar cewa farfela fiffike ne mai juyawa. Inji kuwa, da yake ba nan ƙwarewarsu ta fi ba, sai suka ba bakanikensu Charlie Taylor, ya ƙera musu mai ƙarfin doki 12 cikin mako shida. Ranar 17 ga Disamba, 1903, a Kitty Hawk, tashin farko sakan 12 ne, ƙafa 120. Duk abin da suka kashe bai kai dala dubu ba. Kwana tara kafin nan, jirgin Samuel Langley, wanda gwamnatin Amurka ta zuba wa dala 50,000, ya faɗa kogin Potomac. Masu cewa gwamnati ce kaɗai ta tsaya tsakaninsu da nasara su riƙe wannan.

Ba sai mun je Amurka ba. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a foliteknik ta Dutse a Jigawa, ya fito daga gidan magina tukwane, ya san yumɓu tun yana yaro. Ya ƙara da karatun kimiyya. Abin da ya fitar tukunya ce a cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan yashin yana tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki. Gautan da ke lalacewa a kwana uku yakan kai kwana 27. Sanyin randa ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, kowace tsohuwa ta san shi. Nasa aikin shi ne ya zauna a kan abu ɗayan nan shekaru yana gyarawa, ya sa aka gina dubbai da kuɗin aljihunsa ya raba, ya shirya wasan kwaikwayo aka ɗauka a bidiyo ana haskawa a ƙauyuka don mata su ga amfaninsa. A 2000 ya sami kyautar Rolex. Dubi yadda ilimin ya jeru: ginin tukwane a ƙasa, kimiyya ta bayyana masa dalili, sanin rayuwar manomi ya nuna masa matsalar, wasan kwaikwayo ya kai saƙo. Kowane ƙarin ilimi tukunyar yake yi wa hidima. Kuma abin yana da iyakarsa sananniya, a busasshiyar ƙasa yake aiki, inda iska ke da laima ba ya sanyaya sosai. Haka Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato: ya fara da zanen gine-gine a foliteknik ta Birnin Kebbi, ya tafi Detroit ya karanta zanen mota, ya shiga kamfanin General Motors a 1994, sai a 2007 duniya ta ga motar da ya zana, Chevrolet Volt. Shekara goma sha uku a kan teburi ɗaya.

Kada kuma wani ya ji wannan ya ce to, sai in rufe ido da kunne in san fannina kawai. Wannan ma ramin ne, sai dai ba shi ne ya fi cin yaranmu ba a yau. Thomas Midgley, injiniya a ɗakin binciken General Motors, a garin Dayton ɗin dai, an ba shi matsala guda: injin mota yana ƙwanƙwasa, a nemo magani. A 1921 ya gano cewa ɗigon wani sinadarin dalma a cikin fetur yana kashe ƙarar. A ma'aunin inji ya ci nasara. Likitoci irin su Alice Hamilton suka yi ta gargaɗi cewa dalma guba ce mai taruwa a jiki. A 1924 ma'aikata biyar suka haukace suka mutu a wata matatar New Jersey da ake haɗa sinadarin, shi kansa Midgley dalmar ta taɓa kwantar da shi, amma ya fito gaban 'yan jarida ya wanke hannunsa da sinadarin don nuna ba komai. Aka yi ta busa dalma a iskar biranen duniya, sai a 2021 ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya, ta daina sayar da irin wannan fetur. Mu ba ma buƙatar a fassara mana abin da dalma ke yi wa yaro. Mun gani a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya ta kashe yara ɗaruruwa. Midgley ya yi zurfi a inji ya ƙi sauraron likita. Rush ya yi faɗi ya ƙi sauraron masanin teku. Laifin ɗaya ne.

Saboda haka, kai ɗana mai son ƙirƙira, saurara. Mai haƙar rijiya yana zagaya fili, ya dubi itatuwa da kalar ƙasa, ya tambayi maƙwabta a gaba nawa suka sami ruwa. Duk wannan yana da amfani. Amma bayan nan wuri ɗaya yake tsayawa ya haƙa, ko ya ci karo da dutse. Rami ashirin masu gaba ɗai-ɗai ba su ba kowa ruwa, sai dai akuya ta faɗa.

Zaɓi fanni ɗaya, ka ba shi shekaru. In lantarki ne, ka kai matsayin da za a ba ka allon inbata da ya ƙone ka bi shi da mita ka faɗi abin da ya mutu da dalilin mutuwarsa, ka kuma iya lissafa kaurin wayar da za ta ɗauki wutar da kake so kafin ka sayo ta. In ƙira ce, je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka zauna a ƙarƙashin oga, ka share shago, ka ga yadda walda ke tsagewa bayan wata shida a injin niƙa, abin da bidiyo ba zai nuna maka ba don kafin lokacin an kashe kyamara. In kana makaranta, darasin da kake gudu, mai yiwuwa shi ne wanda ƙirƙirarka ke jira. Kada ka bar jami'a ko foliteknik don ka ji wasu attajiran Amurka sun bari. Elizabeth Holmes ma ta bar Stanford tana shekara 19 ta kafa kamfanin gwajin jini na Theranos, aka yi masa kuɗi dala biliyan tara, na'urar ba ta yin abin da aka ce tana yi, marasa lafiya suka karɓi sakamakon ƙarya, a 2022 aka yanke mata ɗaurin fiye da shekara 11 kan damfarar masu zuba jari.

Sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Duk gwajin da ka yi rubuta ranar, da abin da ka sa, da abin da mita ta nuna, har wanda ya ba ka kunya, musamman ma shi. Ka yi karatu a wasu fannoni yadda ranka ke so, ban hana ka ba, ka karanta tarihi da noma da likitanci da kasuwanci. Amfanin wannan karatu shi ne ya nuna maka matsalar da ta cancanci aiki, ya kuma sanar da kai lokacin da ka taka gonar da ba taka ba, don ka nemi mai ita. In na'urarka za ta taɓa abinci, nemi masanin abinci. In za ta taɓa jikin mutum, likita. In tana riƙe gas ko tururi a matse, kada ka kunna ta sai wanda ya ƙware a tukwanen matsi ya duba. Kuma ka kai aikinka gun wanda zai kushe shi. Abokanka za su ce ka burge su. Tsohon malamin nan mai ɗaure fuska da zai ce maka "wannan ba zai yi ba, ga dalili," shi ne mai ƙaunarka. Tsoron kada a sace maka fasaha ya sa da yawa suna ɓoye aikinsu ga masana suna nuna wa jahilai. Akwai ofishin rajistar haƙƙin ƙirƙira a Abuja, akwai hukumar NOTAP mai taimaka wa masu ƙirƙira su yi rajista. Yi rajistar, sannan ka bari a gwada.

Saura ku masu tafi, don da hannunku a ciki dumu-dumu. Ɗan jarida ya ɗauki makirfo ya je gidan mai janareta marar mai, bai tsaya ya kira malamin fiziks ko ɗaya ba, ya buga cewa ɗan Arewa ya girgiza duniya. Ɗan siyasa ya gayyato shi ofis, a ɗauki hoto, a miƙa ambulan. Washegari yara goma sun ga hanyar suna, sun ajiye littafi sun ɗauki fambel. Wanda kuma ke can yana fama da yadda zai rage man da injin ban-ruwa ke sha da kashi goma cikin ɗari, abin da zai amfani manoman Kadawa da gaske, babu mai leƙa shi, don aikinsa ba ya ɗaukar ido. Kishin yanki ba ya sauya dokar fiziks. In an yi tambaya kuka ce hassada ce ko rashin kishin namu, kun cuci yaron, kun hana shi gyaran da zai cece shi.

Alhaji, in da gaske kana son taimakon yaron nan, tambaye shi littafin awonsa kafin ka tambayi farashin injin. Tambaye shi wane gwani ne ya duba aikin, kuma me ya ce bai yi ba. In abin yana ɗauke da batir ko gas, ko mutum zai hau shi, kada a kunna shi a tsakiyar taro sai an yi wannan dubawar. Kuɗin da ka yi niyyar miƙa masa a gaban kyamara, biya masa shekara biyu da su a wajen oga ko a foliteknik, ka saya masa mita mai kyau da kayan aiki na gaske. Bayan wata shida ka aika a kira shi, ka ce ya zo da littafin.